Kan da Ya Ɓace Daga Gidan Wankan Rumawa

Tun daga ƙofa Rida ya soma da-na-sanin gayyato mahaifiyarsa Mbarka. Ranar ce ta farko da ta taka wurin aikinsa, ga kuma manyan baƙi daga Tunis, amma sai da ta tuɓe takalmi a bakin kangon gidan wankan Rumawa kamar za ta shiga masallaci.

Ya zaga da su ɗakin ruwan sanyi da na ɗumi, ya nuna musu ramukan da bayi ke hura wuta a ƙarƙashin daɓe. Mbarka ta leƙa ta ce, "Duk wannan wahala don wanka?" Baƙi suka yi dariya. Rida ya ji kamar ya nutse.

A ɗakin adana kayan tarihi ya tsaya gaban gunkin wata mace na farin dutse, tsirara, ba kai. A nan muryarsa ta dawo. Shekara talatin ke nan da ɓatan kan, in ji shi, a daminar da ruwa ya ci rabin kangon. Mai gadin lokacin, Ammi Lahdar, shi ya sayar wa Turawa. An kore shi, ya mutu ba mai amsa sallamarsa, har yau 'ya'yansa ba sa ɗaga kai a kasuwa. Kullum sai Rida ya faɗi sunan nan, yau ma ya faɗa har sau biyu. Sannan ya nuna tsohon hoton kan a jikin bango.

Mbarka ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zauna daɓas a ƙasa.

Rida ya san ƙauyanci ne, tsiraicin dutse ya ba ta kunya. Ya ja ta waje yana huci.

"Haba Ommi! Dutse ne fa. Sai kin zubar mini da mutunci a gaban mutane?"

"Lahdar bai ɗauka ba, ɗana."

"Ke ina kika sani?"

Ta kasa kallonsa. Hawaye na bin zanen shuni da ke haɓarta.

"Ubanka ya tsince shi a rafi bayan ambaliya, ya kawo mini don yana da nauyi. Yana can cikin randa, da shi nake danne zaitun tun kafin in yaye ka."