Kujerar Malam

Tun da aka kawo na'urar cire baƙin ciki, zaman makoki ya koma na yini guda. Ranar da mijin Inna Tasalla ya rasu, 'ya'yanta suka kai ta aka cire mata, wai don tausayi. Ga ta cikin takaba, amma zuciyarta wayam, kamar kwanon da aka wanke aka kife.

Abin da ya kai ta wurin Malama Zuwaira ke nan, mai sauraren masu damuwa, wadda maganinta hira ce kawai.

"'Yar nan, shekara arba'in muna tare, ko ƙwalla na kasa yi masa," in ji Tasalla, tana shafa ɗan tabon da ke bayan kunnenta.

Zuwaira ta jawo wata kujera gabanta. "Inna, ki ɗauka yana zaune a nan. Faɗa masa abin da ke ranki."

Tasalla ta dubi kujerar, sai ta sauko ta durƙusa, yadda ta saba in za ta yi masa magana. Ta jira kuka ya zo, shiru.

"Malam, ka yafe mini," ta ce a hankali. "Gwiwoyina kaɗai ke yi maka takaba."