Ƙullutun Goggo

Wata rana da yamma Goggo, yayar babana, tana kaɗi a inuwar rumbu a gidanmu na Daudawa, ni kuwa ina gurza mata auduga. Lokacin ko makarantar boko ba a sa ni ba. Sai na lura duk sa'ad da ta ɗaga hannu za ta ja zare, takan cije leɓe.

"Goggo, mi ke cizon ki?"

Ta aje mazari, ta sassauta zane, ta kama yatsuna ta ɗora a gefen nononta. Na ji wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon goruba. Na tura shi, ko motsi bai yi ba. Wurin yana warin man shanu da dakakken ganye.

"Ba za a kai ki wurin likita ba?"

"Rufa mani asiri, 'yar nan. Irin wannan ba ya son ƙarfe. Allura ta taɓa shi, sai ya harzuƙa."

"To mi ke cikinsa?"

Ta yi dariya. "Ke dai da tambayar tsiya! Wa ya taɓa shiga ya gano?"

Yau ga ni da furfura, likitar sankarar mama. Na ciro irinsa ba adadi, na yanka siriri na duba a madubin bincike. Har yanzu mata suna zo mini a makare, da wannan warin ganyen, saboda tsoron ƙarfe, abin yana ƙona mini rai.

Na shiga, Goggo, na gano. Ke ce ba ki jira in dawo da labari ba.