Numfashin Dakan Tabawa

Tun da aka fara ɗaukar numfashin mutum ana shaƙa a gidan nuni, ban taɓa leƙawa ba sai yau. Maƙwabciyata ta ce nawa ne a can, wanda wani Nafi'u ya ɗauka ina dakan sunan jikata, wai ya rubuta "Baƙin Cikin Tsohuwa".

Na tarar da mutum kusan hamsin a zaune ba takalmi, kowa da bututu a hanci, suna huci irin nawa suna hawaye.

Na ce, "Kai Nafi'u, uban wa ya ce maka baƙin ciki nake? Ranar don murna ko zama ban yi ba. Goge!"

Ya ce, "Inna, haka suke ji."

"Ai ba su taɓa riƙe taɓarya ba ne."

Na tsaya tsakiyarsu na kama lugude hannu wofi, ina buga ƙafa. Kafaɗu suka fara motsi, wata ta rangaɗa guɗa, wuri ya kaure da rawa. Nafi'u ya goge, ya rubuta sunana, Tabawa.

Ga ni a hanyar gida, suna biye da ni ba bututu. In na ja numfashi, su ja.