Ɗacin Giyar Gayya

Zauna nan, Tunau, ka daina yawo gida-gida da irin masara a aljihu kana tambayar wanne za ka shuka. Tun safe ka ishi mutane, kowa ya faɗa maka nasa ka ce haka ne. Bari in ba ka misali da Maguzawan da muka yi maƙwabtaka da su a da. Kada ka zaro min ido don ka ji zancen giya, ni ban taɓa kai ta baki ba, amma hankali ko a bakin tulu ka tsince shi ɗauka za ka yi.

Wata mata ce a cikinsu, kurkunu ya kwantar da mijinta ana tsakiyar damina, ƙafa ta kumbura, ko bakin zaure ba ya iya kaiwa. Gonar dawarsu kuwa harƙiya ta taso mata har ba ka bambance shuka da ciyawa, kuma ita ce abincinsu na shekara, ba su da wata. Babu mafita sai gayya. Su kuma a wurinsu ba a kiran gayya sai da giya, giyar gidan kuwa uwar mijin ce ke dafawa, ga shi ta rasu da bazara. Matar ta iya jiƙa dawa ta tsira, ta iya niƙa, ta iya dafawa da tacewa, duk ta gani a hannun tsohuwa. Abu ɗaya ne ba ta taɓa lura da shi ba, wato abin ɗacin da ake jefawa a tukunya ya karya zaƙi kada ta ginshi mai sha. Sai ta shiga tambaya, irin taka. Gwaggon mijin ta ce ɓawon maɗaci, duk wanda ya ce wani abu ƙarya yake. Maƙwabciya ta rantse shuwaka ce. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta ce a daka namijin goro. Baiwar Allahn nan mai kara ce, tana kunyar a ce ta ɗauki maganar wata ta watsar da ta wata, sai ta haɗa duka ukun ta antaya a tukunya ɗaya. Kuma tsabar tsoro ya hana ta ɗanɗanawa, ta rufe randa tana fatan alheri. Kai, wauta ba ta da kama!

Ranar gayya, da rana ta take aka ajiye fartanya aka dawo inuwa. A al'adarsu mai giya ce ke fara kurɓa a gaban jama'a kafin ƙwarya ta zagaya. Ta kurɓa, fuskarta ta yamutse, hawaye ya zubo, ta rasa inda za ta tofar. Maza suka ɗan taɓa don kunya, makaɗi ya rataya gangarsa, kafin inuwa ta karkata kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Ko rabin gonar ba a kai ba. Ta koma ta leƙa rumbu, dawar da ta rage ba za ta wuce dahuwa ɗaya ba. In wannan ma ta ɓaci, ba gayya, ba gona, ba tuwo.

Sarkin nomansu ya ji tausayin majinyacin, ya ce zai sake tara mutane, amma sau ɗaya. Wannan karon ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗebi ƙwarya guda ta tsiron dawar ta dafa, ta raba ruwan a ƴan ƙananan tukwanen miya, ta jefa wa kowace abin ɗacinta ita kaɗai, ta jera su a bayan ɗaki. Da suka tashi suka yi kumfa, ta zauna da ludayi tana bi ɗaya bayan ɗaya, tana kurkure baki a tsakani. Ta maɗaci ta maƙale mata a maƙogwaro kamar maganin shawara. Ta namijin goro ba laifi, amma ta yi mata nauyi a harshe. Ta shuwaka ɗanya tana warin ganye. Sai wata tukunya ta gefe, wadda ta sa wa shuwakar da ta murje ta wanke, ɗan kaɗan. Ɗacin ya taɓa harshe ya wuce, ya bar zaƙi-zaƙi a baya, har ta ji hannunta ya sake kai ludayin ba ta sani ba. Gwaggon mijin ta leƙo ta ce wannan ai ba giyar gidansu ba ce. Matar ta durƙusa da ladabi ta ce, "Gwaggo, ni zan fara sha a gaban mutane, a bar ni in dafa wadda bakina zai iya haɗiyewa." Gwaggo ta yi fushi ta tafi, ita kuwa ta ɗora babbar tukunya da sauran dawar duka.

Mijin yana kwance a ɗaki ranar gayya ta biyu, kunnensa na gona, yana jiran ya ji gangar ta mutu da tsakar rana kamar wancan karo. Ta yi shiru lokacin hutu, ya ɗauka an sake watsewa. Can sai ya ji ta sake tashi, ta fi ta safe ƙarfi, maza na ihu suna rige-rigen kunya. Ba ta tsaya ba sai da rana ta yi ja, aka nome gonar har iyaka. Matar ta zauna a kan kunyar ƙarshe, ta miƙe ƙafafu, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta fashe da kuka tana dariya, don ta san bana ƴaƴanta ba za su kwana da yunwa ba.

To, kai ma je ka yanki gefen gonarka, ka shuka kowane iri layi-layi, ka ga wanda ƙasarka ta karɓa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.