Awon Ƙirjin Riskuwa

Marigayi Riskuwa, Allah ya jiƙansa, bai iya ɓoye komai ba. Ana gobe ɗaukar sojoji a Birnin Kebbi, ya zo zauren su Sauda mai ɗinki aron tef, don ya ji sai mai faɗin ƙirji ake ɗauka.

Ya zagaya ƙirjinsa da tef ɗin, ya kumbura kamar kwaɗo. Sauda ta leƙa lambar, ta ga ya kai har ya wuce.

"Saura inci biyu," ta ce. "Koma gonar albasarka."

Ya saki numfashi, idonsa ya ciko.

"Wai don mi kake son soja?"

"Ranar kamun kifin Argungu wani soja ya wuce, kika bi shi da kallo har ya ɓace."

"Kai, Riskuwa! Wandonsa nike kallo, ƙafa guda ta fi guda tsawo!"

Ya sosa ƙeya. "Ga shi na riga na yi bankwana da duk mutanen Augie."

Ta daɗe tana naɗe tef ɗin a yatsanta.

"Ka kai," ta ce a hankali. "Amma kafin motar kai ku horo Zariya ta tashi, turo manyanka gun Baba."