Gudun Yaya Talatu

Tun da aka fara ƙera takalman da ake zuba gudun mutum a cikinsu, manyan 'yan tsere da ƙafar wani suke cin gasa. Wanda ya bayar kuwa, ƙafarsa ba ta sake tuna gudu, tafiya ma da ƙyar.

Ranar Asabar Kyauta ta je gidan yayarta Talatu a Pankshin, da lambar zinaren da ta ciyo a jaka. Ta tarar da ita tana jan ƙafa daga rijiya, tana dafa bango. Wannan ce matar da a da ko maza ba sa kamo ta.

"Yaya, kawo bokitin."

"Bar shi. Ina takalman?"

Kyauta ta fito da su, ta bar lambar a jaka. Ta ce, "Da na san haka za ki koma, wallahi da ban roƙe ki ba."

"Ke dai saka su. Ruga zuwa gonar dankali ki dawo, in gani."

Kyauta ta ɗaure igiyar, ta ruga. A kowane taku ƙafar hagu na ɗan karkata waje, abin da tata ba ta taɓa yi ba.

Da ta dawo, Talatu na zaune a ƙasa tana murmushi.

"Ashe haka nake," ta ce. "Ƙara min ɗaya."

Kyauta ta juya da sauri, don kada yayar ta ga fuskarta.