Tsiron Lemo a Gonar Aro

Zauna, ɗana, ƙafafuna sun gaji. Ka tambaye ni yadda mutane ke zama baƙi a ƙasar kakanninsu. Akwai misalin da na ji a yawona, na manta garin, na manta wanda ya ba ni, amma labarin bai bar ni ba.

Wani manomi ne a bakin teku. Al'adar garinsu, baƙo ana ba shi aron gona ya shuka hatsi ko wake, duk abin da ake girbewa a shekara. Itace kaɗai aka hana shi dasawa, don a wurinsu wanda ya dasa itace shi ke da ƙasar. Wata rana wani dogon jirgin katako ya tsaya, sandunansa sun fi giginya tsayi, iska na tura shi da fararen ƙyallaye. Wani mutum ya sauko a rame, dasashinsa na jini, rungume da tukunya mai ɗan tsiron lemon tsami. Jirgin ya wuce ya bar shi. Manomin ya ba shi ruwa da tuwo, ya yanka masa gefen gonarsa aro. Da baƙon ya warke, sai ya roƙi a bar shi ya sa tsiron a ƙasa, wai yana mutuwa a tukunya. Matar manomin ta ce, “Malam, wannan fa itace ne.” Manomin ya yi dariya ya ce, “Haba, wannan ɗan abin? Kafin jirgi ya juyo akuya ta cinye shi.” Da akuyar ta matso kuwa, kunyar baƙo ta kama shi, shi da kansa ya saro ƙaya ya kewaye tsiron.

Jirgi ya juyo da matar baƙon, da ƙannensa, da shanu, da bindigogi. Ƙaya ta koma shingen katako. Shingen nan kuma kamar mai ƙafa, kowace damina sai an iske ya matsa. Ya haɗiye rijiya, ya haɗiye makiyaya, har kushewar mahaifin manomin. Manomin ya kai ƙara wurin dattawa a mayar masa da aronsa. Baƙon, wanda zuwa lokacin ya iya harshensu sarai, bai yi musu ba, ya nuna itacen kawai ya ce, “Wa ya dasa?” Dattawa suka dubi lemon, suka dubi bindigogin, suka sunkuyar da kai. Manomin ya kwashe iyalinsa zuwa bayan dutse, inda ƙasa tsakuwa ce. Da ya tsufa ya tako har ƙofar shingen, yana roƙo a bar shi ya ziyarci kabarin mahaifinsa. Mai gadi bai gane harshensa ba. Ya ɗauka mabaraci ne, ya tsinko lemo ɗaya ya miƙo masa ta saman shinge.

To, ka ji, ɗana. Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.